Tarwaɗa, raƙumi da alade: me Littafi Mai Tsarki ya hana Kirista ci?

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, mun baje kan tabarma gindin dogon yaro a gidan wani dattijon majami'armu, can unguwar Zariya. Aka kawo shinkafa da miyar tarwaɗa, irin busasshiyar nan da mata ke sarowa daga Madarunfa. Cikinmu akwai wani saurayi da bai daɗe da dawowa daga karatu a Najeriya ba, yana ci yana wa'azi. Wani bidiyo ya gani a WhatsApp, shi ne ya zaro waya ya karanto mana Littafin Firistoci 11:7, inda aka ce alade marar tsarki ne. Ya ce duk Kiristan da ya sa shi a baki ya taka dokar Allah, fastocinmu kuma sun sani, tsoron faɗa kawai suke yi.

Dattijon ya ƙyale shi har ya kai aya. Sannan ya ce, "Yaro, ba ka yi ƙarya ba, haka aka rubuta. Gangara ƙasa kaɗan, karanta mana daga aya ta 9 zuwa ta 12."

Ya karanta: abin da ke cikin ruwa, in yana da ƙege da kamɓori a ci, in babu, abin ƙyama ne.

"To, juya wanda ke hannunka ka nemo mana kamɓorinsa."

"Baba, ai tarwaɗa ce."

"Na sani. Shi ya sa na ce ka nema."

Hannun yaron ya tsaya tsakanin kwano da baki. Tarwaɗa kowa ya san ta, sumul take kamar an shafe ta da mai.

Abin dariyar shi ne, duk mu da ke kan tabarmar nan babu wanda ya taɓa ɗanɗana alade. A Maradi muka tashi, ba a kiwonsa a gidajenmu, ban kuma taɓa ganin mahauci ya rataye shi a babbar kasuwa ba. Amma tambayar ta ƙi barinmu. Abokin aikinka Musulmi zai tare ka da ita: "Littafinku ya hana, me ya sa 'yan'uwanku na kudu da na Turai ke ci?" In ka ce masa ai wannan Tsohon Alkawari ne, ba ka ƙosar da shi ba, don "kada ka yi kisankai" ma a Tsohon Alkawarin take. Gara a kamo zaren daga bakinsa.

Jerin abin da aka hana ci yana wuri biyu: Littafin Firistoci sura 11 da Maimaitawar Shari'a sura 14. Ga dabbar tudu sharaɗi biyu ne, kuma dole su haɗu: kofatonta ya zama rababbe, ta kuma yi tuƙa. Saniya, tunkiya, akuya da barewa duk sun haye. Alade kofatonsa a rabe yake amma ba ya tuƙa, ya faɗi. Raƙumi yana tuƙa amma ba shi da rababben kofato, shi ma ya faɗi, kuma shi aka fara ambata tun a aya ta 4, kafin a zo kan alade. Bayansa rema, sai zomo. Doki da jaki ba su cika ko ɗaya ba. Duk mai tafiya kan dagi, kare ne ko kyanwa ko kura, babu. Tsuntsaye ba a ba da ƙa'ida ba, sunaye aka jera wajen ashirin, yawancinsu maciya nama da mushe: gaggafa, ungulu, shaho, hankaka, mujiya, da jimina, har jemage an maƙala shi a ƙarshen layi. Masu rarrafe irin su ɓera da ƙadangare da danginsa, su ma babu, wato damo da guza da gafiyar da yaranmu ke farauta da rani duk sun shiga ciki. Ƙwari masu fiffike haram ne, har da shingen farkon damina, in ban da guda: fara. Aya ta 22 ta halatta ta da ire-irenta. Matan da ke soya fara da yaji suna aunawa da tiya, su kam Musa ba shi da magana da su. Yahaya Maibaftisma ma da ita da zuma ya rayu a jeji, in ji Matiyu 3:4.

Bayan jerin akwai ƙari. An hana mushe, an hana jini, an hana kitsen sa da na tunkiya da na akuya. Sau uku aka maimaita cewa kada a dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa, daga nan ne Yahudawa masu riƙon addini suka ɗauki al'adar raba nama da madara, har tukwanensu daban-daban ne. A wurinsu, ka ci tsire ka kora da kindirmo, ka yi ɓarna.

Nan mutanenmu ke yawan ruɗewa, suna zaton jerin Attaura da na Musulunci ɗaya ne. Sun haɗu a kan alade da mushe da jini da abin da aka yanka wa wanin Allah, kamar yadda yake a Baƙara aya ta 173. Daga nan suka rabu. Raƙumi halal ne ga Musulmi, har layya ake yi da shi. Zomo halal ne, tarwaɗa ma haka. Alƙur'ani da kansa, a An'am aya ta 146, ya ambaci abubuwan da aka haramta wa Yahudawa su kaɗai, a Ali Imrana aya ta 50 kuma Annabi Isa ya ce ya zo ya halatta wani sashe na abin da aka haramta musu. Ban kawo wannan don neman gardama ba. So nake a ga cewa zancen dokar abinci ta zama ta wata al'umma a wani zamani, ba baƙo ba ne a kunnen kowannenmu.

Kalmar "marar tsarki" ita ma sai an tsaya a kanta, kuma Bahaushe ya fi Bature saurin gane ta, tun da ya tashi cikin masu alwala da wankan janaba. Ba dauɗa ake nufi ba, ba kuma zunubi ba ne kai tsaye. Hali ne da ke hana mutum kusantar wurin ibada na ɗan lokaci. Wanda ya ɗauki mushen dabba marar tsarki zai wanke tufafinsa, ya zauna da rashin tsarki har maraice, shi ke nan. In mataccen ɓera ya faɗa tukunyar ƙasa a fasa ta, in akushin itace ne a tsoma shi a ruwa, in maɓuɓɓugar ruwa ce tana nan da tsarkinta. Sura ta gaba, ta 12, kan mai jego take: kwana 40 in namiji ta haifa, kwana 80 in mace ce. Babu wanda zai ce haihuwa laifi ce. Dokar abinci cikin wannan dangin take zaune, tare da ta kuturta da ta taɓa gawa.

To don me aka hana waɗannan dabbobi? Amsar da ta fi daɗin faɗa ita ce lafiya. Tsohon ra'ayi ne, malamin Yahudawa kuma likita Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya karkata can. Akwai gaskiya a ciki: naman aladen da bai dahu ba yana ɗauke da tsutsar ciki, irin wadda ƙwayayenta kan kai har ƙwaƙwalwa su jawo farfaɗiya. Sai dai kazar da ba ta dahu ba ita ma tana kwantar da mutum, haka madarar da ba a tafasa ba, ga su kuma halal. Sannan Maimaitawar Shari'a 14:21 ta ce Ba'isra'ile kada ya ci mushe, amma yana iya ba baƙon da ke garinsa, ko ya sayar wa bare. In maganar guba ce, yaya Allahn da ya ce a ƙaunaci baƙo kamar kai zai ce a miƙa masa ita?

Littafin bai bar mu cikin duhu ba, ya faɗi nasa dalili. A Firistoci 20:24-26 Allah ya ce ya keɓe Isra'ila daga sauran al'ummai, don haka su ma su bambanta dabba mai tsarki da marar tsarki. Alama ce, kamar tsagar gado. A da, Bagobiri ya shigo kasuwar Maradi daga Tsibiri, kafin ya buɗe baki fuskarsa ta faɗi ko shi ɗan wane gida ne. Ba'isra'ile kuwa akushinsa ne ke faɗa, sau biyu ko uku kowace rana. Wanda ba ya cin abincinka da wuya ya zauna bikin gunkinka, da wuya ya auri 'yarka. Masu tonon kufai sun tarar da ƙasusuwan alade jingim a garuruwan Filistiyawa na bakin teku, a ƙauyukan Isra'ilawa na kan tudu kuwa kusan babu. Daniyel a fadar Babila ya roƙi a gwada shi kwana 10 da kayan lambu da ruwa maimakon abincin sarki. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, sarki Antiyokas ya tilasta wa Yahudawa cin alade, wani malami tsoho ɗan shekara 90, Ele'azara, ya tofar da naman ya zaɓi mutuwa. Labarin yana cikin littafin Makabiyawa na biyu, wanda 'yan Katolika ke da shi a Littafinsu. Na jero waɗannan ne don a san cewa lokacin da manzanni suka zo taɓa wannan doka, abu suka taɓa da kakanninsu suka zub da jini a kansa.

Kafin Musa fa? A Littafin Farawa 1:29 tsiro da 'ya'yan itace aka ba Adamu. Bayan ruwan tufana, a Farawa 9:3-4, aka ce wa Nuhu duk abin da ke motsi mai rai abincinsa ne, togiya ɗaya ce, kada ya ci nama da jininsa. Su kansu malaman Yahudawa ba su taɓa cewa wanda ba Bayahude ba ya yi zunubi don ya ci alade. Suna lissafa wa kansu dokoki 613, sauran 'yan Adam kuwa bakwai, waɗanda suke kira na 'ya'yan Nuhu, kuma ta abinci a ciki guda ce: kada a yanki gaɓar dabba tana da rai a ci.

Yesu Bayahude ne, babu inda aka nuna ya ci abin da Attaura ta hana. A Matiyu 5:17 ya ce bai zo ya shafe Attaura ba, ya zo ya cika ta. Rikicin yana Markus sura 7. Farisiyawa, wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Shari'a, sun ga almajiransa na cin abinci ba su yi wankin hannu na al'ada ba, suka yi ƙorafi. Ya amsa cewa babu abin da ke shiga mutum daga waje da zai ƙazantar da shi, abin da ke fitowa daga zuciya ne ke ƙazantarwa: zina, sata, kisa, hassada, girman kai. Abinci ciki yake shiga, ba zuciya ba, ya kuma fita a salga. Sai ƙarshen aya ta 19, inda yawancin fassarorin yau suka ce da haka ya halatta kowane irin abinci.

A kan wannan 'yar jimla masu bidiyon WhatsApp suka fi tsayawa, suna cewa ƙari ne na masu fassara. Gaskiyar maganar ta fi haka ban sha'awa. A Helenanci kalmar "yana tsarkakewa" tana zuwa da siga biyu, harafi ɗaya ya raba su, "o" dogo da "o" gajere. Mu da ke rubuta "fara" da nufin ƙwaro, da "fara" ta launi, da "fara" ta soma aiki, mun san aikin ja da gajarta wasali. In da dogon ne, Yesu ne mai tsarkakewar, wato Markus ne ya sa baki yana bayyana ma'anar maganar. In da gajeren ne, sai jimlar ta koma kan fitar abinci daga ciki. Kwafe-kwafen da suka fi tsufa, irin biyun nan na ƙarni na 4 da ake kira na Sina'i da na Batikan, dogon suke da shi. Na baya-baya da yawa suna da gajeren, su ne tsohuwar fassarar Turanci ta 1611 ta bi. Ba wanda ya ƙirƙiro jimlar jiya. Kuma ko an cire ta ɗungum, aya ta 15 da ta 18 suna nan daram.

Duk da haka masu riƙe dokar suna da hujja mai nauyi, ba na raina ta. Matiyu ya ba da labarin nan a sura 15, bai sa waccan jimla ba, ya rufe da cewa ci da hannu marar wanki ba ya ƙazantar da mutum. Wato zancen hannu ne, in ji su, ba na nama ba. Suka ƙara da tambaya: in Yesu ya soke dokar a fili, yaya aka yi bayan shekaru almajirinsa Bitrus, wanda ke wurin, ya ce bai taɓa cin abu marar tsarki ba?

Wannan a Ayyukan Manzanni sura 10 yake. Bitrus yana garin Yafa, a gidan Saminu majemi, ya hau soro da tsakar rana yin addu'a, yunwa na cinsa, ana girki a ƙasa. Sai ya ga abu kamar babban mayafi ana sauko da shi ta kusurwa huɗu, cike da dabbobi da masu rarrafe da tsuntsaye, murya ta ce ya tashi ya yanka ya ci. Ya ƙi. Muryar ta ce abin da Allah ya tsarkake kada ya kira shi marar tsarki. Har sau uku. Yana cikin juya abin a ransa sai ga manzannin Karniliyas, hafsan sojan Roma a Kaisariya, suna sallama a ƙofa. Da ya isa can ya fassara wahayin da bakinsa a aya ta 28: Allah ya nuna masa kada ya kira kowane mutum marar tsarki. Masu riƙe dokar sai su ce, ka ji ko, mutane ake nufi.

Haka ne, mutane ake nufi. Amma wa ya taɓa sauka gidan mutum kwana da kwanaki bai ci tuwonsa ba? Bitrus ya kwana a gidan Karniliyas, kuma da ya koma Urushalima tuhumar da 'yan'uwa suka yi masa a 11:3 ita ce ya shiga wurin marasa kaciya har ya ci abinci da su. Dokar abincin ita ce dangar da ta raba gidajen biyu. Ba yadda za a ce a shigo da maƙwabci a kuma bar dangar a tsaye ba ƙofa.

Maganar ta kai ga taro a Urushalima wajen shekara ta 49, Ayyukan Manzanni sura 15. Tambayar a fili take: al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, in sun ba da gaskiya, sai sun yi kaciya sun kiyaye Shari'ar Musa? Bitrus ya ce kada a ɗora musu karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka. Yakubu, jagoran ikkilisiyar Urushalima, ya yanke, aka rubuta wasiƙa zuwa Antakiya da abu huɗu kacal: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Babu alade, babu raƙumi, babu tarwaɗa. Ga ni, nan gardamar ta mutu. Yahudawa ne suka zauna, waɗanda suka san Firistoci 11 da ka, aka tambaye su abin da ya wajaba a kan irinmu, suka bar jerin a waje. Huɗun da suka zaɓa sun yi kama da abin da Firistoci 17 da 18 suka ɗora wa baƙon da ke zaune cikin Isra'ila, wato abin da zai sa Bayahude da bare su iya haɗa hannu a kwano ɗaya.

Manzo Bulus ya fi kowa buɗe baki. A Romawa 14:14 ya ce ya tabbata cikin Ubangiji Yesu babu abin da ke marar tsarki a kan kansa, sai ga wanda ya ɗauke shi haka. A Kolosiyawa 2:16-17 ya ce kada kowa ya hukunta su kan ci ko sha, waɗannan inuwa ce ta abin da ke zuwa. A 1 Timoti 4:4 ya ce duk halittar Allah mai kyau ce in an karɓa da godiya. A Antakiya ma, da Bitrus ya ja jiki ya daina ci da al'ummai don tsoron baƙin da suka zo daga Urushalima, Bulus ya tsawata masa gaban jama'a, ya kira abin munafunci. Ya kuma gargaɗi Galatiyawa cewa wanda ya ɗauki kaciya don Shari'a, ya ɗauki bashin Shari'ar dukanta. Abin da dattijonmu ya nuna wa yaron ke nan da kan tarwaɗa: Shari'a ba kasuwa ba ce da za ka tsinci wanda ya yi maka ka bar saura.

Malaman ikkilisiya na baya, irin su Toma Akwinas wanda ya rasu a 1274, sun kasa dokokin Musa uku: na halin kirki, na ibadar haikali da tsarki, da na mulkin ƙasar Isra'ila. Na farko suna nan, sauran sun cika aikinsu. Rabon yana da amfani, sai dai Attaura ba ta zo da wannan lakabi a jikin ayoyinta ba. Firistoci 19:18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, ayar da ke bi mata, ta 19, ta ce kada ka shuka iri biyu a gona ɗaya. Wane manomi ne daga nan har Tasawa ba ya zuba wake cikin gero? Abin da ke raba mana su shi ne Sabon Alkawari: ta farko Yesu ya ɗaga ta ya ce tana cikin manyan dokoki biyu, ta abinci kuwa manzanni suka sauke.

Jini shi ne ya daɗe ana ja a kansa. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen 197 cewa Kiristoci ba sa cin jinin dabba, har masu tsananta musu kan gwada su da hanjin da aka cusa wa jini. Shekara 200 bayansa Agustin, bishop a garin da ake kira Annaba yanzu a Aljeriya, ya ce a zamaninsa dariya ake yi wa mai tsoron cin tsuntsun da ba a zub da jininsa ba. Ikkilisiyoyin Gabas suka sake jaddada hanin a taron 692, ta Roma kuwa a taron Fulorans na 1442 ta ce dokar ta lokacin da Yahudawa da al'ummai ke koyon zama tare ce. Shaidun Jehobah sun ja ta har suna ƙin ƙarin jini a asibiti, fassarar da sauran ikkilisiyoyi ba su yarda da ita ba. Mu nan abin bai dame mu ba, wa ke cin kazar da aka murɗe wa wuya?

Akwai Kiristocin da har yau ba sa cin alade don addini. 'Yan Otodoks na Habasha da Eritiriya suna cikinsu, tsohuwar al'adarsu ce. Sai 'yan Adbantis masu sujada ranar Asabar, waɗanda suka kafu a Amurka a 1863. Su suna bin jerin gaba ɗaya, har tarwaɗar, na kuma yaba musu da wannan, ba sa tsinta-tsinta. Hujjarsu ita ce tun a Farawa 7:2 Nuhu ya shigar da masu tsarki bakwai-bakwai, marasa tsarki biyu-biyu, ashe bambancin ya girmi Musa, kuma jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Amsata ita ce da Nuhu ya fito daga jirgi hadaya ya yi da masu tsarkin, a 8:20, da aka zo zancen ci kuwa duka aka ba shi. Naman da 'yan Katolika ke bari ranakun Juma'a na lokacin azumi, wannan horon kai ne, ba wai naman ya ƙazantu ba.

Mu dawo gida. Ƙungiyar masu wa'azin bishara ta SIM ta shigo Nijar a 1924 ta Damagaram, bayan 'yan shekaru ta zauna a Tsibiri, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma ya fito a 1932. Waɗanda suka fara karɓar bishara a ƙasar nan, wasu daga gidan Musulmi suka fito, wasu daga gidan arna, kuma tambayoyin da suka gada wa jikokinsu ba na alade ba ne.

Ta farko naman layya. Ran Sallah da yamma yaron maƙwabci zai yi sallama da kwano an rufe da faifai. A karɓa? Yawancin waɗanda na sani suna karɓa su ci da godiya, ni ma haka. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 10:25-27 a ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba, in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka kuma, ka ci abin da aka ajiye maka. Ba gunki aka yanka wa ragon ba. Akwai 'yan'uwan da ransu bai kwanta ba, suna cewa hadayar Almasihu ta rufe kowace hadaya. Romawa 14:3 ta raba mu faɗa: mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Roƙona gare su guda ne, kada a mayar da kwano gaban yaro.

Ta biyu ta fi tsauri. Mutum ya je ƙauye gaida dangi, ya tarar an yanka baƙin bunsuru ko jan zakara don iskoki, ko 'yan bori sun yi wasa an raba nama. Nan ne wasiƙar Urushalima ke aiki sak kamar don mu aka rubuta. Bulus ya yarda gunki ba kome ba ne, nama nama ne. Amma ya ce in an gaya maka wannan na hadaya ne, kada ka ci, saboda wanda ya faɗa maka, kuma ba a haɗa teburin Ubangiji da na aljanu. Gwaggonka da ta miƙo maka tana kallo ne ta ga ko da gaske ka bar tsafin gida. Ka ce, "Gwaggo, na gode, ba ni furar dai," ka zauna ka sha da su.

Ta uku yanka. A gidaje da yawa, in Nowel, wato Kirsimeti, ta zo, maƙwabci Musulmi ake kira ya yanka ragon. Samari kan ji haushi, su ce ai Ma'ida aya ta 5 ta halatta wa Musulmi abincin ma'abota Littafi, don me za mu ƙasƙantar da kanmu? Ayar na nan kam, amma ba kowane maƙwabci ne zuciyarsa za ta natsu ba, kai kuma so kake ya ci. Bulus ɗin da ya rubuta cewa babu abinci marar tsarki, shi ne ya rubuta a 1 Korintiyawa 8:13 cewa in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya bar nama har abada. Wuƙar wani a wuyan ragonka ai ba ta kai wannan tsada ba.

Ranar nan gindin dogon yaro, saurayin bai saki maganar da sauƙi ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Baba, tun da ka ce ba haram ba ne, in an kawo maka alade za ka ci?"

"A'a."

"Don me?"

Dattijon ya nuna wata babbar tukunyar dalma da aka kife jikin bango. "Ka ga waccan? Duk suna da biki a layin nan ita ake ara. Hajiyar gidan can, shekara talatin muna musayar kwano da ita, ita ta yi wa uwar ɗakin nan wankan jego. Ran da alade ya shiga tukunyar nan, ranar za ta daina aikowa, tuwonmu kuma ya daina shiga gidanta. Ban da haka ma, ni ƙyamarsa nake yi, haka na tashi. Amma ba zan ɗora wa Allah ƙyamata ba." Ya tura masa kwanon. "Cinye kan nan, kada ya huce."